Da mu aka ɗora a kujerar masu taya alƙali, za mu iya yi wa ɗan sanda adalci?

Baban Halifa, Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Fagge, shekara 19 ke nan ina kan keken ɗinki. Ban taɓa shiga ajin koyon shari'a ba, don haka a yi mini uzuri idan na sa wata kalma inda ba muhallinta ba. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun daren Laraba, na ga gara in kawo ta nan ko a samu wanda ya fi ni sani.

Akwai wani dattijo maƙwabcin shagona, tsohon sufeton 'yan sanda ne da ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, kusan kullum shi yake fara isa masallaci da asuba. Bayan isha'i yakan zauna a bencin ƙofar shago muna hira ina ƙarasa aiki. Ranar nan hira ta kai mu kan Derek Chauvin, ɗan sandan nan na Amurka da ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa har ya mutu a birnin Miniyapolis ranar 25 ga Mayun 2020, domin har yanzu akwai masu cewa ba a yi masa shari'ar adalci ba. Ni har zan ce Allah ya ƙara, sai Baba Sufeto ya tare ni. Ya ce, "Ɗana, ya yi laifi ko bai yi ba, wannan magana ce daban. Amma mutanen da suka yanke masa hukunci ba su da wata mafita. Da sun sake shi da garin ya ƙone, kuma su ma sun san haka."

Ga wanda bai bi shari'ar ba, a can ba alƙali ne yake cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Mutum 12 ake ɗebowa daga cikin gari, irin ni da kai, su zauna su saurari shaidu, sannan su shiga ɗaki su kaɗai su yanke. Alƙali shi ne mai tafiyar da zaman, shi ne kuma mai faɗin shekarun ɗauri daga baya. Su ake ce wa masu taya alƙali yanke hukunci. A shari'ar Chauvin sun yi kimanin awa 10 suna shawara cikin kwana 2, ranar 20 ga Afrilun 2021 suka fito suka ce ya aikata duka laifuka 3 da aka tuhume shi da su. Daga baya alƙali Peter Cahill ya ɗaure shi shekara 22 da rabi.

Baba Sufeto ya bi shari'ar fiye da yadda na zata, don sai da ya lissafo mini abubuwa da yatsunsa. Ana cikin zaɓen mutanen nan 12, hukumar birnin ta ba da sanarwar za ta biya iyalan Floyd diyyar dala miliyan 27. Ya ce wannan ai an gama shari'a tun ba a fara ba. Ya ce da an kai shari'ar wani gari mai nisa da an fi adalci, amma alƙali ya ƙi. An kewaye kotun da waya mai ƙaya, ga sojoji a gari. Ana tsakiyar sauraron shaidu kuma wata 'yar sanda ta harbe wani matashi baƙar fata, Daunte Wright, a wani gari da ke gefen birnin, zanga-zanga ta sake tashi, alhali mutanen nan kullum gida suke komawa su kwana. Wata 'yar majalisar dokokin tarayya, Maxine Waters, ta je wurin masu zanga-zanga ta yi maganar da shi kansa alƙalin ya nuna ɓacin ransa a kanta. Bayan hukunci kuma sai ga hoton ɗaya daga cikin su 12 ɗin ya fito, yana wani gangami a Washinton a watan Agustan 2020, sanye da riga mai rubutun da ke nufin a ɗauke gwiwa daga wuyanmu. Baba ya ce, "In ɗanka ne a gaban mutumin nan, za ka yarda?"

Na yi shiru, kuma ba don na gamsu ba ne. Abin da ya ɗaure mini harshe daban ne.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, yana tuƙa adaidaita sahu. Shekara 6 da suka wuce aka kama shi da daddare, wai wani fasinja ya ce an sace masa waya a cikin mashin ɗinsa. Kwana 3 ya yi a wani caji ofis, ba zan faɗi wanne ba. Ranar da na je belinsa na tarar da shi a zaune a ƙasa bayan kanta, ba riga. Wuyan hannayensa duka biyu sun yi zobe baƙi ƙirin, shatin igiya, fatar ta sale. A jikin bango ga takarda an manna, beli kyauta ne, kuma sai da na sayar da yadin shadda na mutane da ke hannuna kafin aka ba ni shi, daga baya na biya masu kayan. Da muka dawo gida Hajiyarmu ta haɗa masa shayi, ya sa hannun hagu zai ɗauki kofin, yatsun suka ƙi rufuwa. Ya sake gwadawa, kofin ya kife a kan tabarma. Har yau yatsa biyu na hannun ba sa lanƙwashewa sosai, da sanyi kuma sai ya naɗe hannun da tsumma kafin ya riƙe kan mashin. Wayar kuwa a gidan mai ita aka gan ta.

Ba mu je kotu ba. Hajiya ta ce a bar wa Allah, muka bari.

To ga tambayata. Da a Kano ake wannan tsarin, aka kira ni aka ce in zauna cikin mutum 12 a shari'ar wani ɗan sanda, wallahi na san zuciyata. Kafin shaidan farko ya yi rantsuwa na riga na gama da shi. Kuma in an zaga Fagge da Kurna da Ɗorayi da Rijiyar Lemo, gida nawa ne ba su da labari irin nawa? Idan haka ne, ashe Baba Sufeto yana da gaskiya? Amma kuma alƙali ɗaya da muke da shi a nan, shi ba mutum ba ne? Ba ya tsoro, ba a kiran sa a waya? Wanne ya fi kusa da adalci? Don Allah masana a taimaka.

Barista, Zoo Road:

Wa alaikumus salam Baban Halifa. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya saka masa.

Bari in fara da kai ɗin kanka. Da a Miniyapolis kake, da wuya ka kai ga wannan kujerar. Kafin a zaɓi kowa sai da aka aika wa mutane doguwar takardar tambayoyi: sau nawa ka kalli bidiyon danne Floyd, ka taɓa shiga zanga-zanga, yaya kake kallon 'yan sanda, wani abu ya taɓa haɗa ka da su. Bayan haka aka riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya, lauyoyin ɓangare biyu suna yi musu tambayoyi a gaban alƙali bayan sun yi rantsuwa. Da ka faɗi abin da ka faɗa mana yanzu, cewa ka gama da mutumin tun ba a fara ba, alƙali zai gode maka ya sallame ka. Ban da wannan, kowane ɓangare yana da adadin mutanen da zai iya cirewa ba tare da dogon bayani ba. Da farko an ba lauyan Chauvin damar cire 15, masu gabatar da ƙara 9. Iyakar abin, tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1986 ba a yarda a cire mutum don launin fatarsa kawai ba. Waɗanda suka yi hukuncin a ƙarshe, 6 farare ne, 4 baƙaƙe, 2 ruwa biyu.

Dokarsu ba ta neman wanda bai taɓa jin labari ba, don a wannan shari'ar babu shi. Wanda zai iya ajiye abin da ya ji a waje ya bi abin da aka kawo gabansa take nema.

Maganar diyya kuwa Baba Sufeto bai yi ƙarya ba, lokacin da aka sanar da ita bai dace ba ko kaɗan. Alƙalin ya dawo da waɗanda aka riga aka zaɓa ya sake tambayar su, 2 suka ce labarin ya taɓa su, ya sallame su. Batun riga da batun ƙin ɗauke shari'ar zuwa wani gari duk an kai su gaba. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Minesota ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2023, Kotun Ƙolin ƙasar kuma ta ƙi sauraron ƙarar a Nuwamban shekarar.

Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne hujjar da aka baje. Minti 9 da daƙiƙa 29 gwiwa tana kan wuya, wata yarinya 'yar shekara 17 tana ɗauka da wayarta daga bakin titi. Shugaban 'yan sandan birnin, Medaria Arradondo, ya shiga akwatin shaida da kansa ya ce abin da yaronsa ya yi ya saɓa wa ƙa'idar aikinsu. Kuma a Disamban 2021 Chauvin ya amsa laifin tauye haƙƙin Floyd da bakinsa a kotun tarayya, inda aka yanke masa shekara 21. Ana iya samun tsoro a gari kuma hukunci ya zama daidai, ɗaya ba ya kore ɗaya.

A nan gida ba mu da wannan tsarin, alƙali ne yake auna hujja kuma ya yanke. Amfaninsa shi ne dole ya rubuta dalilansa, kai kuma ka ɗauki rubutun ka tafi kotun gaba ka nuna inda ya kauce. Mutum 12 na Amurka ba sa rubuta dalili, kalma ɗaya suke faɗa su tashi. Illar namu kuma ka tuna mutum 6 na Apo da 'yan sanda suka kashe a Abuja a watan Yunin 2005. Sai a Maris ɗin 2017 aka yi hukunci, aka yanke wa 2 kisa aka sallami 3. Kusan shekara 12. Ta Floyd daga mutuwa zuwa hukunci ba ta cika shekara ba.

Maman Sadik:

Malam Baban Halifa, ni matar ɗan sanda ce, shekara 14 da aurenmu. Na karanta labarin ƙanenka sai da na yi hawaye, kuma ba zan kare wanda ya yi masa haka ba, Allah zai tambaye shi.

Amma ina roƙon ku ku ji namu ɓangaren. A watan Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar SARS, maigidana yana aiki a kudu. Kwana 4 ban ji muryarsa ba. Ana ta turo bidiyon caji ofis yana ci da wuta, ni kuma ina duba gawarwaki a waya ko zan gane takalminsa. Da ya samu ya kira, ce mini ya yi kakinsa a leda ya ƙulle ya cusa a ƙarƙashin gado, da jallabiyar maƙwabci yake fita sayen burodi. Mutumin da ko yaransa bai taɓa mari ba. A irin wannan makon, da an ɗebo mutum 12 daga titi an ce su yi masa shari'a kan wani abu, kuna ganin fuskarsa za su gani ko kakin? Shi ya sa maganar Baba Sufeto ta shige ni. Ni na fi son alƙalin da ya yi karatun abin, wanda idan ya zalunce mu mun san sunansa, mun san inda za mu kai kuka.

Ɗalibi, Kabuga:

Yaya Baban Halifa, Anti Maman Sadik, a yi haƙuri in sa baki duk da ni yaro ne. Baba Sufeto yana ganin da an kai shari'ar wani gari mai nisa da an fi adalci. An taɓa gwadawa. A 1991 'yan sandan Los Anjalas sun lakaɗa wa wani baƙar fata, Rodney King, duka, shi ma akwai bidiyo. Aka ce garin ya yi zafi, aka mayar da shari'ar wani gari mai suna Simi Valley. Cikin mutum 12 babu baƙar fata ko ɗaya. Ranar 29 ga Afrilun 1992 suka wanke 'yan sandan 4 daga kusan duk tuhume-tuhumen, rikici ya ɓarke, mutum fiye da 50 suka mutu. Shekara guda bayan haka kotun tarayya ta samu 2 daga cikinsu da laifi. Ashe nisa ma ba ya wanke zuciya, mutane dai kake canzawa da wasu mutanen, kowa da abin da ya taso a cikinsa.

Sai dai akwai wadda ta fi ɗaure mini kai, ta Amadu Jallo, Bafulatanin ƙasar Gini mai talla a birnin Nuyok. A Fabrairun 1999 'yan sanda 4 suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidan da yake haya, 19 suka same shi, kuma walat ɗinsa ne a hannunsa. An mayar da shari'ar wani birni daban, Albani. A cikin masu hukuncin akwai mata baƙar fata 4, amma duk suka haɗu suka wanke 'yan sandan a shekarar 2000. To a nan ba za a ce launi ne kaɗai ba. Doka ta tambaye su ne ko 'yan sandan suna da dalilin jin rayuwarsu na cikin haɗari, kuma babu bidiyo, wanda aka harba kuma ba ya nan balle ya faɗi nasa.

Malam Na Ƙofar Mata:

Ɗana Baban Halifa, Allah ya yi maka albarka. Wanda ya san zuciyarsa ta karkata har ya faɗa, ya fi wanda bai sani ba.

Wannan damuwar taku malamanmu sun daɗe da ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, malamai kuma suka haɗa da duk abin da ke dagula tunani, kamar yunwa mai tsanani da tsoro. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari cewa ya daidaita mutane a zamansa da kallonsa da hukuncinsa, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata masa, kada kuma mai rauni ya yanke ƙauna. A fiƙihunmu ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko uba ga ɗansa. Ka ga kai ma da shari'ar ɗan sanda ce, janye jiki ya kamace ka.

Kuma alƙalan ƙasar nan na da ba su kaɗai suke zama ba. Akwai muhutai a gefe, malamai ne, ana duba littafi tare, ana yi wa shaidu tazkiyya, wato a binciki ko amintattu ne, a ƙarshe a yi wa mutum i'izari a tambaye shi ko yana da sauran magana. Bambancin shi ne masu ilmin abin ake zaunarwa, ba duk wanda ƙuri'a ta faɗa kansa ba.

Abu ɗaya zan gyara wa Hajiyarku cikin ladabi. Barin abu ga Allah bai hana neman haƙƙi ba.

Baban Halifa, Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Barista, maganarka cewa ni ma sallama ta za a yi ta ɗan yi mini ciwo da farko, daga baya kuma na ji sanyi, don gaskiya ce. Maman Sadik, jiya ina guga na tuna maganar kaki a leda. Ni nake ɗinka wa Baba Sufeto kayan sallah, na san faɗin kafaɗarsa, ban taɓa tunanin akwai ranar da irinsa zai ɓoye rigarsa ba. Allah ya tsare miki maigida.

Na karanta wa Baba amsoshinku duka a bencin nan. Bai sauka daga maganarsa ba, har yanzu yana cewa mutanen nan a tsorace suka yi hukunci. Amma da na zo wurin da shugaban 'yan sanda ya ba da shaida a kan yaronsa, sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a shekarunsa 35 na aiki bai taɓa ganin haka da idonsa ba.

Da daddare ƙanena ya biyo ta shago zai ajiye mashin. Na ba shi labarin duk abin da muka tattauna, na tambaye shi ko shi zai so a ce mutanen gari ne ke yi wa 'yan sanda shari'a. Yana murza hannun nan nasa ya ce, "Yaya, ni mutum 12 ne ko mutum ɗaya, duk ɗaya ne a wurina. Shekara 6 babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce faɗi abin da aka yi maka, ana rubutawa." Ban san yana riƙe da wannan ba sai jiya.

Barista, don Allah ko lokaci ya riga ya wuce? Katin asibitin da hoton ƙashin hannun suna nan a akwatin Hajiya, ni na sa su a ambulan da hannuna.

Barista, Zoo Road:

Bai wuce ba. Ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam na 2009 ba su sa wa'adi ba, kuma tun 2017 akwai dokar tarayya da ta haramta azabtarwa, hukuncinta yana kaiwa shekara 25. Ba zan ɓoye maka ba, jinkirin zai sa aikin ya yi nauyi, kuma za a tambaye ku me ya hana ku zuwa tun farko. Kada ku ba kowa ainihin takardun, ku yi musu hoto. Shi kuma ya zauna ya rubuta duk abin da ya tuna, ranar da aka kama shi, ƙarfe nawa, wa ya gan shi a ciki, wa ya raka ka beli. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tana da ofis a nan Kano, haka ma hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. Amma kafin komai, ku fara shawo kan Hajiya.